Yadda Aibi Ya Shiga Akwati: Tarihin Fedar Jita Mai Hanya Biyu

Daga cikin kayan aikin da mai kaɗa jitar lantarki yake jerawa a ƙasa, gaban ƙafafunsa, sa'ad da ya hau dandali, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe wanda faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, mai makunnai biyu na takawa da jerin mamurɗai a bisansa, waya tana shiga ta gefe guda daga jita tana fita ta ɗaya gefen zuwa amfilifaya. Aikinsa kuwa, in za a faɗe shi ba sakayawa, shi ne ya karɓi muryar jita tana garau ya mai da ita disasshiya mai gurnani, in an taka makunni na farko ya ɓata ta gwargwado, in an taka na biyu ya ɓata ta matuƙa. Wannan ita ce feda mai hanya biyu, wadda mutum yake zare kuɗinsa, wani lokaci masu nauyi, ya saya domin a lalata masa sauti bisa ƙa'ida. Hukuncin kiɗa a shari'a mas'ala ce ta malamai, sun kuwa daɗe da yin bayani a kanta, ba ita muka sa gaba ba. Maƙasudinmu shi ne mu bi salsalar akwatin, domin abin da ke cikinsa asalinsa aibi ne wanda injiniyoyi suka yi shekaru suna yaƙi da shi, sa'an nan makaɗa suka ƙwace shi daga hannunsu, aka yi ta horar da shi har ya zama ana kiransa ya zo, a sallame shi ya tafi.

Kafin a shiga labarin mutane, wajibi ne a fahimci abin da ke aukuwa cikin waya. Tsirkiya ta biyar ta jita, in an kaɗa ta ba a danne ba, tana kai da komowa sau 110 cikin sakan guda. A ƙarƙashinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ne yake juya motsin nan ya zama 'yar wutar lantarki mai rauni, wadda take hawa tana sauka daidai da motsin tsirkiyar. Aikin amfilifaya shi ne ta ƙara wa wannan hawa da sauka girma ba tare da ta sauya masa siffa ba, ta miƙa shi ga lasifika. To, amma kowace amfilifaya tana da haddin da wutarta ba ta iya ƙetarewa, in kuwa aka ɗora mata fiye da ƙarfinta sai ta yi abin da mai awo yake yi in ya cika mudu ya sa hannu ya share bakinsa: duk tsororuwar da ta haura ta zube, saman ya koma a baje. Wannan yankewa ita ce musabbabin kome. Da zarar an baje kan sautin sai waɗansu sautuka su haifu daga cikinsa, masu kai da komowa sau 330, da 550, da abin da ya yi sama, kunne kuwa ya ji su a matsayin kaushi da ziza. Kuma tun da mai ƙarfi da mai rauni duk an tsayar da su a haddi guda, sautin da ya kamata ya mutu nan da nan sai ya daɗe yana ja. Haka nan in an kaɗa tsirkiyoyi da yawa tare, sautukansu sukan cakuɗa su haifi waɗansu baƙi da ba su jituwa da kowa, shi ya sa makaɗan irin wannan kiɗa suka saba taƙaitawa ga tsirkiya biyu ko uku waɗanda muryoyinsu suke da kusancin nasaba.

Waɗanda suka fara ƙera jitar lantarki don kasuwa, watau George Beauchamp da Adolph Rickenbacker a birnin Los Angeles na Amurka, cikin 1931 da 1932, ba su da wani buri face a ji jita a tsakiyar masu busa da masu ganga, domin a da ana ganin mai ita yana motsa hannu amma ba a jin abin da yake yi. A wurin injiniyoyin wancan zamani, amfilifaya ta ƙwarai ita ce mai halin amintaccen marawaici, wanda yake isar da abin da aka ba shi ba ƙari ba ragi. Duk wani kaushi kuwa sukan auna shi su rubuta a takarda a matsayin illa, kamfani yana alfahari da ƙanƙantarsa. Sai dai amfilifayar da talaka yake iya saya ƙarama ce, mai aiki da kwalaben bawul masu kama da ƙwan fitila, gidajen rawa na baƙaƙen fata a Memphis da Chicago kuwa cike suke da hayaniya, saboda haka makaɗan bulus suka riƙa murɗe ta har ƙarshe bisa larura. Da larurar ta daɗe sai kunne ya saba, daga sabo aka kai ga so. Wanda ya saurari abin da Willie Johnson ya kaɗa wa Howlin' Wolf a 1951, ko abin da Pat Hare ya kaɗa wa James Cotton a 1954, zai gane mutanen nan sun wuce matsayin haƙuri da kaushin, nemansa suke yi.

A watan Maris na 1951 ƙungiyar Ike Turner ta taso daga Clarksdale ta jihar Mississippi zuwa Memphis domin ɗaukar faifai a wurin Sam Phillips, a hanya kuwa amfilifayar mai jitarsu, Willie Kizart, ta sami rauni. Ruwayoyi sun saɓa a kan yadda abin ya auku, waɗansu sun ce daga kan mota ta faɗo, waɗansu sun ce ruwan sama ne ya jiƙa ta. Amma sun haɗu a kan cewa ta iso ba lafiya, aka cusa wa lasifikarta takarda don ta riƙe, aka kaɗa da ita haka nan. Phillips, maimakon ya ɗage aiki, sai ya ji abin ya yi masa, ya ɗauka. Faifan, mai suna Rocket 88, ya fita da sunan mawaƙinsu Jackie Brenston, ya hau kan gaba a jerin faya-fayan baƙaƙen fata na ƙasar, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Abin da ƙaddara ta yi wa Kizart, sai waɗansu suka fara yi wa kansu da gangan. A 1958 Link Wray ya sa fensir ya huhhuda lasifikar amfilifayarsa kafin ya ɗauki Rumble, kiɗa ne zalla ba waƙa, amma duk da haka waɗansu gidajen rediyo suka ƙi sa shi don tsoron kada ya zuga samari ga faɗa, abin da yake da wuya a samo masa misali, a hana kiɗan da bai furta kalma ko guda ba. A 1964 kuma, a Landan, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Dave Davies, na ƙungiyar The Kinks, ya tsaga takardar wata 'yar koriyar amfilifaya ƙirar Elpico da reza, da ita aka yi You Really Got Me. Illar wannan dabara a fili take. Lasifikar da aka yaga ta yagu ke nan, ba ta komawa garau in waƙa ta gaba tana bukatar laushi, kuma ba yagewa biyu da suke ba da murya ɗaya, balle a koya wa almajiri ya maimaita. Abin da ake bukata shi ne aibin da za a iya kunnawa a kashe.

Wanda ya warware wannan mushkila ba makaɗi ba ne, kuma ba a wurin 'yan tawayen kiɗa aka same shi ba. Injiniya ne mai suna Glenn Snoddy, a Nashville, cibiyar kiɗan ƙauye na turawan Amurka, inda ake alfahari da tsabtar sauti fiye da ko'ina. A 1960, ana cikin ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna Don't Worry a ɗakin ɗaukar faifai na Owen Bradley, sai wata taransifoma ta cikin teburin haɗa sauti ta fara lalacewa, a daidai layin da aka jona babbar jita mai tsirkiya shida ta Grady Martin, ta fitar da wani gurnani da ba wanda ya taɓa jin irinsa a faifan garin. Aka yi shawara ko a sake, aka bar shi. Faifan ya fito a 1961 ya karɓu ƙwarai, makaɗa suka riƙa zuwa suna neman a jona su a layin nan mai ciwo, har ranar da taransifomar ta mutu ɗungurum, muryar ta tafi tare da ita. A nan ne hikimar Snoddy ta bayyana, domin wani da ya ga haka sai ya sayo sabuwa ya gode Allah an rabu da wahala, shi kuwa ya zauna tare da wani injiniyan gidan rediyon WSM, Revis Hobbs, suka yi ta gwaji da tiransista har suka haɗa wani ɗan da'ira mai tiransista uku na jamaniyam wanda yake kwaikwayon cutar da gangan. Suka kai wa kamfanin Gibson, shi kuma ya fitar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone, mai aiki da ƙananan batura biyu, da makunni guda na takawa. Tun daga ranar nan mai jita ya mallaki murya biyu, garau da disasshiya, tsakaninsu taku ɗaya.

Abin mamaki shi ne, Gibson bai san abin da ya riƙe a hannu ba. Ya yi tallarsa a matsayin na'urar da take sa jita ta yi kukan saksafon da sauran kayan busa, har da faifan gwaji aka buga don nuna haka. Dillalai suka karɓi wajen 5,000 a shekarar farko, suka jibge su a kanta, ba masu saye. Sai a watan Mayu na 1965, da Keith Richards na The Rolling Stones ya taka ɗaya wajen ɗaukar Satisfaction, shi ma kuwa niyyarsa ita ce ya zana wa masu busa hanyar da za su bi daga baya, a cire jitar. Abokansa da manajansu suka rinjaye shi aka fitar da faifan haka, kafin shekara ta ƙare kayan da suka yi shekara uku suna shan ƙura sun ƙare ƙaf a kasuwa. Wanda yake son jin abin da Richards ya nufa tun farko, sai ya nemi yadda Otis Redding ya rera waƙar a wannan shekara, da masu busa.

Daga nan sana'ar ta yi ƙaura zuwa Landan. Gary Hurst ya haɗa Tone Bender a 1965, Ivor Arbiter ya fitar da Fuzz Face a 1966, wata kewayayyiyar aba mai siffar gindin sandar makirufo, wadda tiransista biyu ne kurum a cikinta da 'yan tarkace kaɗan. A watan Satumba na wannan shekara kuma Jimi Hendrix ya sauka a birnin daga Amurka ya ɗauke ta. Jamaniyam yana da wani hali mai wuyar sha'ani, shi ne zafi yana sauya shi, ta yadda fedar da ta yi daɗi da la'asar a ɗaki mai sanyi tana iya shaƙewa da dare a ƙarƙashin fitilun dandali. Kuma tiransistocin zamanin ba su fitowa daga masana'anta da ƙarfi ɗaya, don haka Hendrix da injiniyansa Roger Mayer sukan gwada da yawa kafin su zaɓi ta kirki. Saboda wannan ne aka koma silikon wajen ƙarshen shekarun 1960, ya fi tsayawa a kan magana ɗaya, ko da yake muryarsa ta fi tsini. Akwai wata falala ta Fuzz Face da ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu bukace ta nan gaba: saboda yadda take jan wuta daga jita, in makaɗi ya rage mamurɗin da ke jikin jitar kansa kaɗan, sai gurnanin ya janye, murya ta koma kusan garau mai ƙyalli, in ya ƙara ya dawo. Hendrix da ɗan yatsansa yake ratsa dukan matakan da ke tsakanin laushi da tsawa, fedar tana kunne.

A ɗaya ɓangaren akwai mazhabar waɗanda suka ce duk abin da tiransista zai yi kwaikwayo ne, asali yana ga bawul in ya ji wuta. Jim Marshall ya fara ƙera amfilifaya a Hanwell ta yammacin Landan a 1962, bisa tsarin Bassman ta Fender, a 1966 kuma Eric Clapton ya jona Les Paul a ɗaya daga cikinsu ya murɗe ta a ɗakin ɗaukar faifai na Decca, wajen aikinsa da John Mayall, ya ƙi ragewa. Murya ta yi kyau, amma sharaɗinta mai tsanani ne, domin amfilifaya mai wat 100 ba ta fara gurnani sai ta kai ƙarar da take cutar da kunne, ba kuwa kowane ɗaki ne yake ɗaukar haka ba. Magani ya zo daga wani mai gyara a California, Randall Smith, wanda ya fara da cusa wa 'yar ƙaramar Princeton ta Fender kayan cikin babbar amfilifaya don ya yi wa wani makaɗi barkwanci, Carlos Santana ya gwada ta ya yaba, daga nan kamfanin Mesa/Boogie ya samu. A farkon shekarun 1970 Smith ya jera bawul bayan bawul, kowane yana cika na gaba da shi har ya tumbatsa, da mamurɗi na dabam a ƙarshe mai ƙayyade ƙara, ta yadda ana samun gurnani ba tare da an tashi unguwa ba. Marshall ya bi da irin wannan mamurɗi a 1975. A 1978 Smith ya fitar da Mark II, wadda take da hanya biyu a cikinta, ɗaya mai laushi ɗaya mai zafi, ana sauya su da ƙafa. Wannan ita ce uwar fikirar hanya biyu, a amfilifaya aka haife ta kafin ta sauko ƙasa.

Shekarun 1970 su ne zamanin da masu feda suka rarrabu. Da ɗan guntun cif mai ƙara wuta ya yi araha, sai aka daina dogara ga tiransista ya shaƙe da kansa, aka ɗora aikin yankewa a kan dayod, wani ɗan mitsitsin abu wanda ba ya barin wuta ta ratsa shi sai ta kai wani haddi, na jamaniyam wajen 0.3 na bolt, na silikon wajen 0.6. In an sa dayod biyu a bayan cif ɗin suna zubar da rarar wuta, yankewar takan zo da kaifi. Haka MXR ta Rochester ta yi a Distortion+, da Pro Co ta Kalamazoo a RAT, da Boss ta Japan a DS-1 mai ruwan lemo, wadda ta fito a 1978 kuma har yau ana ƙera ta. In kuwa an sa su cikin madawwarin cif ɗin, watau hanyar da wuta take bi daga mafitarsa ta koma mashigarsa, yankewar takan zo a hankali, gefenta a dulmuƙe. Haka OD-1 ta Boss ta 1977 take, da koriyar Tube Screamer ta Ibanez ta 1979, wadda Susumu Tamura ya tsara, mai rage ƙasan murya ta fito da tsakiyarta, abin da ya sa take ratsa hayaniyar ƙungiya, Stevie Ray Vaughan kuwa ya ɗaukaka sunanta. Big Muff ta Mike Matthews, ta New York, tana nan a nata gefe tun 1969. Kowace mazhaba da mabiyanta masu tsauri. Har a Stockholm an sami samarin da suka ɗauki HM-2 ta Boss, suka murɗe dukan mamurɗanta huɗu har ƙarshe, suka gina salon kiɗa guda a kan wannan, kamar yadda ake ji a faifan farko na Entombed na 1990.

To, me ya sa feda ɗaya ba ta isa ba? Dalilin yana cikin ginin waƙar kanta. Mai jita a ƙungiya aiki biyu gare shi: mafi yawan lokaci rakiya yake yi a bayan mawaƙi, inda ake son kaushi matsakaici wanda ba zai haɗiye kalmomi ba, kuma a ji kowace tsirkiya, sa'an nan lokaci yakan zo da mawaƙi zai yi shiru a bar masa fili shi kaɗai, a nan kuwa yana bukatar ƙarin ƙara da sauti mai daɗewa yana ja. Hannayensa biyu duk suna kan aiki, ba ya iya sunkuyawa tsakiyar waƙa ya murɗa kome. Da fari mafita ita ce a sayi feda biyu a jera, da wayoyinsu da baturansu da duk tsegumin da ke tattare da haka. Masu amfilifaya mai hanya biyu sun huta, amma tsadarta da nauyinta ba na kowa ba ne, kuma matafiyin makaɗi sau da yawa abin da ya tarar a dandali da shi yake aiki. Boss ta fara taɓa mas'alar a 1987 da DS-2, mai yanayi biyu da ake iya sauyawa da wani makunni na waje, ita ce kuma Kurt Cobain na Nirvana ya riƙe bayan DS-1, mutumin da ya gina waƙoƙinsa a kan tsalle daga raɗa zuwa tsawa. A 1993 ta fitar da SD-2, wadda take da hanya biyu na sosai, kowace da mamurɗanta. Pro Co ta zuba RAT biyu a gida ɗaya ta kira shi Deucetone. Mike Piera na Analog Man ya haɗa King of Tone a farkon shekarun 2000, wadda masu sonta suke rubuta suna su jira shekaru kafin layi ya zo kansu. A 2007 kuma tsofaffin injiniyoyin Marshall da suka kafa Blackstar a Northampton suka fitar da HT-Dual, wadda suka dasa wa kwalbar bawul ta gaske a ciki, mai aiki da wuta bolt 300, watau suka sulhunta mazhabobin nan biyu a akwati guda.

Fedojin nan kashi biyu ne, masu saye da yawa kuwa ba su bambancewa sai sun kai gida. Akwai wadda hanyoyinta kishiyoyi ne, in ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, kamar SD-2 da HT-Dual. Akwai kuma wadda hanyoyinta a jere suke, ta farko tana zuba a cikin ta biyu, ana iya kunna kowace ita kaɗai ko a haɗa su, kamar King of Tone, wadda saboda haka murya huɗu take bayarwa in an lissafa da garau. A irin ta biyun akwai wata ƙa'ida da masu sana'a suka sani: in ka ƙara wa hanya ta farko ƙarfi alhali ta biyu ta riga ta kai haddinta, ƙara ba ta ƙaruwa, kaushi ne kurum yake ƙaruwa, domin ta ƙarshe ita ce mai hukunci a kan abin da zai fita. Wanda yake son ya ɗaga murya a lokacin da aka bar masa fili, wajibi ne ya sa mai ɗagawar a ƙarshe. Makaɗa nawa ne suka taka makunni suna jiran su fito sarari, sai suka ji sun ƙara nutsewa cikin hayaniya, suka ɗora laifin a kan mai haɗa sauti!

A ganina feda mai hanya biyu ta biya bukata ta gaskiya, kuma ba daidai ba ne a raina ta kamar yadda waɗansu tsofaffin hannu suke yi. Amma ta zo da hasara wadda ba a rubutawa a jikin kwali. Abin da Hendrix yake yi da ɗan yatsa gangare ne mai matakai ba iyaka, feda kuwa ta mai da shi tsani mai hawa biyu da aka ƙayyade tun kafin a fara waƙa; kuma gwargwadon yawan yankewa, gwargwadon ɓacewar bambanci tsakanin taɓawa mai taushi da duka mai ƙarfi, har a kai inda gwani da ɗan koyo suke fitar da murya kusan iri ɗaya. Hanya ta biyu tana rufa wa mai rauni asiri, shi ya sa almajirai suke gaggawar zuwa gare ta, malamansu kuwa suke tsare su a ta farko.

Afirka ba ta tsaya kallo ba a wannan tarihi. Bayan ƙarewar yaƙin basasar Nijeriya a watan Janairu na 1970, ƙungiyoyin samari irin su The Funkees daga gabas, da The Hykkers, da BLO da Ofege a Legas, sun cika faya-fayansu da wannan gurnani. 'Yan Ofege ma ɗalibai ne na makarantar St. Gregory sa'ad da suka fitar da faifansu na farko a 1973. A Zambiya akwai WITCH da Paul Ngozi. Lalle kunnen mutanenmu bai bukaci a lallashe shi ba, domin tun kafin lantarki maƙeran kayan kiɗa a ƙasar Hausa suna maƙala wa garaya ɗan ƙarfe mai zobba don ya riƙa ziza tare da tsirkiya, suna kuma gitta wa fatar ganga igiya don kada muryarta ta fita salam. Abin da injiniyan Turai ya rubuta a babin illa, a nan cikon kiɗa ne. A yau gadon jitar yana hannun Buzaye. Bombino na Agadas ya je Nashville ɗin nan ya ɗauki faifansa Nomad, wanda ya fito a 2013. Mdou Moctar kuwa, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008 bisa salon waƙoƙin fina-finan Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a cikin Sahara, kafin ya koma ga jita mai tsawa wadda ta kai shi dandalin Amurka da Turai.

Tun da Line 6 ta fitar da POD a 1998, da Kemper ta Jamus a 2011, kwamfuta tana iya auna halin kowace amfilifaya da kowace feda ta adana, hanyoyi kuwa suka tashi daga biyu zuwa ɗaruruwa. Da an yi zaton ɗan akwatin ƙarfe zai mutu, sai ga shi kasuwarsa ta ƙara buɗewa, ta kuma karkata zuwa ga tsohon abu. Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya riƙa haɗawa da hannunsa daga 1994, yana shafe kayan cikinta da baƙin danƙo don kada a kwafa, wajen 8,000 kurum aka yi, yanzu ana cinikinta da dubban daloli. Tiransistocin jamaniyam da aka yi watsi da su saboda rashin tabbas, irin su NKT275 na Ingila da ragowar na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ana farautarsu a tsofaffin ɗakunan ajiya, a auna su ɗaya ɗaya, a zubar da mafi yawa. An ruwaito cewa Duane Allman ya fi son Fuzz Face ɗinsa da batir da ya kusa mutuwa, saboda yadda murya take laushi tana tsattsagewa in wuta ta yi ƙasa. Don haka a yau waɗansu maƙera suna ƙara wani mamurɗi na musamman, a jikin feda ko a jikin na'urar da take ba ta wuta, wanda ba shi da wani aiki sai ya rage bolt 9 ɗin nan zuwa 6 ko 5, gwargwadon mutuwar batir da makaɗi yake so a daren.